Ki Rubuta Cewa Na Kira

Assalamu alaikum. Shekara 6 na yi da na'urar sauraro maƙale a kunne, ina amsa kiran kwastomomi a wani kamfani mai sayar da kayan lantarki na gida, irin su firji da injin wanki da na'urar sanyaya ɗaki. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin abin da zan faɗa laifina ne kafin ya zama na kowa. Na bar aikin tuni. Amma cikin dubban kiran da na amsa akwai guda ɗaya da ya ƙi barina, kuma na ga gara in fitar da shi daga raina in ajiye a nan, ko wani da ke zaune a irin kujerar da na zauna zai karanta.

Duk wanda ya taɓa kiran kamfani kan kuɗinsa ya san maganar nan: "Ka yi haƙuri, tsarinmu bai ba da dama ba." Wani lokacin gaskiya ce tsantsa, hannun mai maganar a ɗaure yake. Amma sau da yawa, a daidai lokacin da nake furta ta, akwai wani ɗan akwati a gefen allon kwamfutata wanda in na danna shi na rubuta dalili a layi biyu, kuɗin mutum zai koma masa kafin mako ya zagayo. Mai kira ba ya ganin akwatin. Ni kaɗai ke ganinsa.

Bari in fara da yadda rangwamen yake, don a gane inda gizo ke saƙa. Akwai rangwamen da ake cire maka nan take, ka biya ragowar ka tafi. Wannan ba ya kawo rigima. Mai kawo rigima shi ne na bayan biya: ka biya kuɗin kaya cif, a ce ka cike fom, ka haɗa da rasit da lambar jikin na'urar, ka turo cikin kwana 30, sannan a dawo maka da wani kaso bayan mako 6 zuwa 8. A farkon zuwana na ɗauka wahalar da kai ce kawai, me zai hana a cire tun a wurin saye? Daga baya na gane. A talla farashin da ya sauka ake gani, a asusun kamfani kuwa cikakken kuɗi ke shiga. Sannan cikin masu saye wani zai manta, wani rasit ɗinsa ya ɓace, wani ya jefar da kwalin da lambar ke jiki, wani ya turo rana ɗaya bayan wa'adi. Masu lissafi sun san da haka, tun kafin a buga tallar suke ƙiyasta yawan waɗanda ba za su karɓa ba, su gina ribarsu a kai. Babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya saci sisi, amma an kafa tarkon ne da mantuwar mutane.

Mu kuma aka ajiye mu a bakin ƙofa, aka ba mu ɗan iko. Kowane ma'aikaci yana da adadin da zai iya saka wa kwastoma a asusu ba tare da ya nemi izinin kowa ba, da kuma iyakar abin da zai bayar a wata. A takarda sunansa kuɗin kyautatawa. A tsakaninmu kuɗin lallashi muke ce masa. A makon horarwa, malamar da ta koyar da mu ta ba mu labarin otal-otal ɗin Ritz-Carlton, inda aka yarje wa kowane ma'aikaci ya kashe har dala 2,000 don warware matsalar baƙo ba sai ya tambayi manaja ba. Muka yi ta tafi, muna jin mu ma an ɗauke mu manya. Abin da ba ta faɗa ba, sai da muka shiga ɗakin aiki muka gan shi a bango: wani allo mai sunayenmu, kowa da lambobi uku a gabansa. Minti nawa kake yi a kowane kira, maki nawa kwastomomi suka ba ka, da nawa ka rabar a watan. Wanda ya fi rabarwa sunansa kan koma ja. Wanda sunansa ya yi ja wata biyu a jere, shugabar sashe kan kira shi gefe, ladan ƙwazo kuma ya wuce shi.

To ka ba mutum jaka, ka ce ya yi alheri da ita, sannan ka ce za ka hukunta shi in ta yi sauƙi. Wa kake zaton zai ba wa? Wanda yake tsoro zai ba wa. Mai ihu yana samu. Wanda ya ce zai wallafa a Facebook yana samu. Wanda ya ambaci lauya, ko da ba shi da ko ɗaya, yana samu. Wanda ya kira ranar 3 ga wata ya fi wanda ya kira ranar 28 sa'a, ko da matsalarsu iri ɗaya ce sak. An ce mai haƙuri kan dafa dutse ya sha romonsa, amma a layinmu mai tsawa ne ke shanye romon, mai haƙuri a bar shi da dutsen. Ban taɓa zama na yanke shawarar in zama haka ba. A hankali abin ya shige ni, har kunnena ya koyi tantance murya cikin daƙiƙa goma: wannan zai tayar min da ƙura, wannan kuwa "to" zai ce ya ajiye.

Ranar da nake magana 27 ga wata ce. Da safe wani mutum ya kira yana zazzaga bala'i. Ya sayi injin wanki, bai turo fom ɗinsa ba sai da wa'adi ya wuce da mako uku, kuma da bakinsa ya ce mantawa ya yi. Ba shi da haƙƙin komai. Amma ya yi minti 20 yana zagina, yana zagin kamfani, yana cewa a haɗa shi da wanda ya fi ni, kuma kowane minti yana hawa kan lambata a allo. Na danna akwatin na ba shi, don kawai ya sauka. Abin da ya rage a jakata bai taka kara ya karya ba.

Bayan azahar wani dattijo ya kira. Sai da ya yi sallama cikakkiya, ya tambaye ni aiki, ya tambayi mutanen gida, sannan ya shiga maganarsa a tsanake. Firji ya saya ta waya. Yaron da ya sayar masa ya ce in ya biya kafin ƙarshen wata za a dawo masa da kashi 15 cikin 100, kuma ba sai ya cike komai ba, tunda ta waya ce. Ya biya ranar 30. Yanzu wata na uku ke nan, bai ga komai ba.

Na buɗe asusunsa. Ya biya ranar 30, babu shakka. Amma sashen kuɗi bai fitar da takardar cinikin ba sai ranar 2 ga watan da ya biyo baya, kuma sharuɗɗan rangwamen ranar takarda suke dubawa, don haka kwamfuta ta fitar da shi daga jerin masu karɓa. A ƙasa kuma ga bayanin da mai sayarwar ya rubuta da hannunsa: an sanar da kwastoma rangwamen kashi 15. Da idona na gani. Na duba adadin, na duba ragowar jakata. Ya ninka ta kusan sau huɗu. Hanyar da na sani ita ce in ɗaga hannu shugabar sashe ta zo ta sa izini, a rubuta cewa na haura iyaka, sunana ya yi ja a wata na biyu.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Bisa sharuɗɗan da aka rubuta, cinikinka bai faɗa cikin lokacin rangwamen ba."

Ya yi shiru kaɗan. Ya ce, "'Yata, ranar 30 na biya. Ga takardar banki a hannuna, in karanta miki?"

"Na gani, Baba. Amma tsarinmu ranar takardar ciniki yake bi."

"To wa ke rubuta takardar cinikin, ni ko ku?"

Ban amsa wannan ba. Na maimaita masa haƙuri, da irin muryar nan mai taushi da aka koya mana. Sai ya yi min tambayar da ta tsaya min a maƙogwaro: "Ki gaya min abu ɗaya tsakaninki da Allah. Yaron nan ƙarya ya yi min, ko kuwa ke ce ba ki ga inda ya rubuta ba?" Bayanin yana gabana, idona a kansa. Na ce, "Baba, ba zan iya magana kan abin da wani ma'aikaci ya faɗa ba." Wannan jimla tana cikin littafin amsoshinmu, shafi na nawa ma na sani. Babu ƙarya a lafazinta, amma da ita na rufe gaskiya, kuma na san abin da nake yi.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Shi ke nan, 'yata. Allah ya yi miki albarka. Amma ki rubuta cewa na kira." Na ce na rubuta. Kiran minti 7 ya ɗauka, ƙasa da abin da ake nema. Da saƙon tambayar gamsuwa ya je masa, maki biyar cikin biyar ya ba ni. Washegari na gani. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Na yi kwanaki ina ba kaina uzuri. Ba ni na tsara sharuɗɗan ba, ba ni na makara da takarda ba, ina da haya da ƙanne a makaranta. Duk gaskiya ne. Abin da ya warware min kai wani karatu ne da na sani tun ina yarinya ban taɓa haɗa shi da aikina ba. A babin ciniki akwai abin da malamai ke kira iƙala: mai saye ya yi nadama bayan ciniki ya ƙullu, ya dawo da kaya, mai sayarwa ya karɓa ya mayar masa da kuɗinsa alhali babu abin da ya tilasta shi. Hadisi ya zo cewa wanda ya yi wa musulmi haka, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Wannan alfarma ce, mai yi ya samu lada, wanda ya ƙi bai yi zalunci ba. Cika alkawari kuwa wani babi ne daban, ayar farko ta Suratul Ma'ida da shi ta buɗe. Mutumin safe alfarma ya nema na ba shi. Dattijon yamma bashi ya biyo na hana shi. Kuma abin da ya sa haka ya yiwu shi ne an zuba alfarma da bashi a jaka ɗaya, aka miƙa wa ma'aikaciya mai tsoron jan layi ta raba yadda ta ga dama. Da zarar haƙƙi ya shiga jakar alfarma, mai shi ya koma maroƙi, sai ya yi godiya in an ba shi abinsa.

Ƙasashen da suka ɗauki lamarin da gaske sun fitar da wasu abubuwa daga hannun irina gaba ɗaya. A Tarayyar Turai, wanda ya sayi kaya ta intanet ko ta waya yana da kwana 14 ya fasa ba tare da ya faɗi dalili ba, in ban da wasu 'yan kayayyaki da aka keɓe. A Birtaniya dokar 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi ya karɓi kuɗinsa duka. A irin wannan babu ruwan doka da ko ma'aikaciya ta tashi da ciwon kai, ko jakarta ta ƙare. Amma alkawarin baki, irin wanda mai sayarwa ke yi a waya don ciniki ya faɗa, shi ne ke zama a tsakiya, kuma nan ne ikonmu ya fi yawa, nan ne kuma muka fi ɓarna. Shi ya sa har yau duk ɗan'uwana da zai yi irin wannan ciniki nake ce masa ya sa a turo masa alkawarin a rubuce, ko da gajeren saƙon waya ne, ya riƙe ranar da lokacin kira da lambar ƙorafi. In ya kira kuma, kada ya ce a taimaka masa. Ya ce a karanta masa bayanan da ke asusunsa, a buɗe ƙorafi a kai shi gaba. Kalmar taimako ita ke jefa ka cikin jakar lallashi. Wanda ya biya da kati kuma yana da hanyar kai ƙara ta bankinsa in an ƙi mayar masa da kuɗin da ya cancanta, sai dai ita ma wa'adi gare ta. Ba a hana mu faɗin wannan ba. Ba ya dai cikin littafin amsoshi, kuma ba wanda ya taɓa samun ladan ƙwazo don ya faɗa.

Wata huɗu bayan wannan kira aka ƙara min girma, na zama shugabar ayari mai mutum 12. Lambobina ne suka kai ni, har da minti 7 ɗin nan da maki biyar ɗin dattijo. A ranar da aka buɗe min sabon shafi a kwamfuta na ga wani zaɓi da ban taɓa sani ba a duk shekarun da na yi: gyaran kuskuren kamfani. Kuɗin da aka mayar ta nan ba ya taɓa jakar ma'aikaci, ba ya hawa allo. Kuma kowane ma'aikaci na iya neman a yi amfani da shi. Na tafi wurin shugabar sashe na ce, "Madam, me ya sa ba a gaya mana wannan ba?" Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce duk kuɗin da ya fita ta nan, kan sashen da ya yi kuskuren ake ɗora shi, kuma sai an janyo naɗin kiran an saurara, sai shugaban wancan sashen ya sa hannu. "In na koya wa mutum 60 wannan hanya, kullum sai na yi faɗa da masu sayarwa. Ke ma za ki gane." Ba muguwa ba ce. Mace ce mai kirki da ta sha biya wa yara kuɗin mota daga aljihunta. Ita ma allonta ne a sama da namu.

A daren na nemo asusun dattijon. Ban manta lambar ba. Ƙarƙashin bayanin mai sayarwa ga nawa, layi ɗaya: kwastoma ya kira kan rangwame, an yi masa bayanin sharuɗɗa. Bai sake kira ba.

Na shigar da buƙata. Amsa ta dawo cewa naɗin kiran cinikin an goge shi, domin kwana 90 kawai ake ajiyewa. Da na ɗaga hannu ranar 27, da naɗin yana nan da 'yan kwanaki a gaba. Shugaban masu sayarwa ya ce bayanin da aka rubuta bai isa hujja ba, "an sanar da shi rangwame" na iya nufin an karanta masa sharuɗɗa ne kawai, kuma kamfani ba ya ɗaukar nauyin duk abin da wani yaro ya faɗa a waya. Shekaru bayan haka, a 2024, da na karanta shari'ar Air Canada, kamfanin jiragen sama na ƙasar Kanada, sai da na yi dariyar takaici. Manhajar hira ta kamfanin, wadda ke amsa tambayoyin kwastomomi a shafinsa na intanet a madadin ma'aikaci, ta gaya wa wani matafiyi da kakarsa ta rasu cewa ya sayi tikiti a cikakken farashi, zai iya neman rangwamen masu zaman makoki daga baya cikin kwana 90. Da ya nema aka hana shi, kamfanin ya kafa hujjar cewa manhajar ita ke da alhakin maganarta. Kotun ƙananan ƙararraki ta lardin British Columbia ta yi watsi da hujjar, ta ce kamfani ya biya. Hujjar da aka yi min ke nan sak, sai dai tamu mutum aka jingina wa, kuma babu alƙali a ɗakin.

Na bi ta wata hanya. Na je sashen kuɗi na roƙi a fitar min da jerin duk waɗanda suka biya a kwana biyun ƙarshen wancan watan amma takardarsu ta fita a sabon wata. Mutum 31 ne. Tara daga ciki sun kira sun yi faɗa, an ba su daga jakar lallashi. Biyar sun kira an ba su haƙuri, ɗaya daga cikinsu ta bakina. Sauran ko kira ba su yi ba. Na ɗauki takardar na ajiye a teburin shugabar sashe, ban ce komai ba. Ta daɗe tana kallonta. Mako biyar aka yi ana tura saƙonni tsakanin ofis uku, kowa na ture wa ɗan'uwansa. A ƙarshe aka amince a biya biyar ɗin da suka kira. Sauran 17 aka ce sai in sun nema da kansu, kuma ba a yarda a kira su a sanar da su ba. Ban ci wannan yaƙin ba, har na bar wurin.

Abu ɗaya kuma ban hango ba. Tunda sashen kuɗi ya ƙi ɗaukar laifin, sai aka raba shi, aka ɗora na dattijon kan sashen sayarwa bisa cewa mai sayarwar ya ce masa ba sai ya cike fom ba. Shi kuma shugabansu ya cire daga kamashon yaron. Yaron da ya faɗi abin da aka ce ya faɗa, ya kuma rubuta gaskiya a asusu lokacin da ba wanda ya tilasta shi. Na gan shi a wurin cin abinci ranar da aka biya albashi, bai san ni ba, yana ta lissafi a bayan wata takarda.

Ni na kira dattijon da kaina. Ya ɗauka a ƙara na uku, ya yi sallamar nan tasa. Na gabatar da kaina na ce kuɗinsa za su shiga cikin kwana 5. Ya ce Alhamdu lillahi, ya ce ai ya riga ya cire rai. Na ce, "Baba, ni ce wadda ka yi magana da ita kwanakin baya. Ranar nan ka tambaye ni ko yaron ƙarya ya yi maka. Bai yi ba. Ya rubuta, kuma ina kallon rubutun lokacin da kake tambayata. Ka yafe min."

Ya ɗan yi shiru, har na zaci layin ya yanke. Sai ya ce, "Na san kin gani, 'yata. Muryarki ta canza a lokacin. Na yafe miki duniya da lahira." Na rufe bakina da hannu don kada yaran ayarina su ji ni. Ya ci gaba: "Alfarma ɗaya zan roƙa. Yaron nan yana da ladabi, ya bi ni a hankali har na gane komai. Kada a taɓa shi a kaina."

Takardar cire kamashon tana kan teburina, da sa hannu da hatimi, kwana huɗu da wucewa. Na ce, "To, Baba."